Kafin Ka Canja Dalar Karatun Likita a Wapa

Masu neman dala a Wapa, kasuwar canjin kuɗi ta Kano, ba duka ne 'yan kasuwar Kwari masu sarin atamfa da shadda ba, ba kuma duka ne maniyyata ba. A cikinsu akwai iyayen da 'ya'yansu ke karatun likita a Alƙahira ko Indiya ko Kampala ko Saifurus, kuma 'yan canji sun san su, sun san watan da suke zuwa. Tun da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, nauyin da ke kan waɗannan bayin Allah ya ninka cikin 'yan watanni. Wani ya sayar da fili, wata ta sayar da gwal ɗin aurenta, wani ya karya jarin shagonsa, duk don kada yaro ya dawo gida hannu rabbana bayan ya yi nisa.

Idan ka zauna da irin waɗannan iyaye za ka tarar sun yi tambayoyi masu yawa kafin su tura yaro. Sun tambayi kuɗin shekara, sun tambayi tsaron ɗakin kwanan 'yan mata, sun tambayi abinci da masallaci da sanyin garin. Akwai tambaya ɗaya da kusan ba a yin ta, alhali ita ce tushen karatun gaba ɗaya: a asibitin da za a koyar da shi, za a bar ɗana ya yi magana da majinyaci, ya taɓa shi, ya duba shi da hannunsa a gaban malami?

Ban ga laifin wanda ya fita ba. Gurbin karatun likita a gida ƙayyadadde ne, domin Majalisar Likitoci ta Najeriya, MDCN, ita ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Yaro zai ci jarrabawa da maki mai kyau, ya nemi likitanci a Jami'ar Bayero, a tura shi wani fannin da bai taɓa mafarki ba. Wanda ya samu gurbin ma bai san ranar gamawarsa ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ga kuma ƙishirwar likitoci mata da ta daɗe tana damun Kano, wadda ta sa gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, ta tura 'yan mata da dama Sudan da Masar karatun likita da aikin jinya. Da yawansu yau suna ɗakunan haihuwa na asibitocinmu, kuma matan da a da suke jin nauyin zuwa awo saboda namiji ne zai duba su sun ga amfanin abin. Fita neman ilimi tsohuwar al'adar garin nan ce, musamman Fagge, wadda tun asalinta zangon matafiya ce.

Sai dai likitanci kashi biyu ne. Kashin farko na aji ne da littafi da ɗakin gwaje-gwaje, kuma wannan ana iya koyonsa a ko'ina aka sami malami nagari. Kashi na biyu a bakin gado ake yin sa. A nan ɗalibi ke koyon yadda ake tambayar majinyaci tarihin ciwonsa, yadda ake danna ciki a gane saifa ta kumbura, yadda ake jin ƙirji, yadda ake neman jijiya, yadda ake karɓar haihuwa. Bayan digiri kuma sai shekarar sanin makamar aiki, wadda a Najeriya wata goma sha biyu ce da sabon likita zai zagaya sassa huɗu: sashen manya, na tiyata, na mata da haihuwa, da na yara, kafin a ba shi cikakken lasisi. A Masar da Sudan ana kiran wannan mataki imtiyaz, kuma Masar ta mai da shi shekara biyu bayan biyar na karatu ga waɗanda suka shiga daga 2018. Masu haɗa magunguna da masu gwajin jini su ma suna da tasu shekarar. Duk wanda ya taso a Fagge ya san yadda ake zama tela: yaro zai fara da guga da sa maɓalli, a ba shi ƙyalle ya ɓata, maigida ya warware ɗinkin ya ce sake, har ranar da za a miƙa masa yadin mutane. Babu wanda ya taɓa zama tela da tsayuwa a bayan mai keke yana kallo, komai kyan shagon.

'Yar ƙanwata ta yi nata karatun a wata jami'a mai zaman kanta a Masar, ba zan ambaci sunanta ba. Da ta dawo na tambaye ta yadda horon asibiti ya kasance, ina tsammanin za ta ba ni labarin na'urori. Ta ce na'urori kam akwai su, asibitin kuma tsaf yake, ba ka jin wari, ba ka ganin majinyaci a ƙasa. Sannan ta ce, "Kawu, matsalar ita ce yawancin lokaci a tsaye muke a baya." Ɗalibai sun fi ashirin a kan gado ɗaya. Malami na karantarwa da Turanci, amma idan ya juya ga majinyaciya sai ya koma Larabcin gida na Masar. Ita kuwa Larabcin Islamiyya ta tafi da shi, na nahawu da sarfu. Idan ta yi wa tsohuwar da ta zo daga ƙauye tambaya, sai tsohuwar ta yi murmushi ta dubi ɗalibin ƙasar da ke kusa tana jiran ya fassara. A hankali ɗaliban ƙasar suka zama su ne a gaba, baƙi suna leƙe ta saman kafaɗa. Sa allurar ƙarin ruwa a hannun roba ta koya. Ta ce wata ƙawarta da ta dage ta koyi yaren titi, ta nemi a tura ta asibitin gwamnati mai cunkoso, ta dawo da hannu mai kyau ƙwarai. Wato ƙasa ɗaya, gari ɗaya, takardar shaida iri ɗaya, amma likitoci biyu mabambanta.

Lokacin da take bin likitoci a wani asibitin gwamnati a nan Kano tana shirin jarrabawar lasisi, wani dare aka kawo yaro ɗan shekara biyu yana jijjiga, jikinsa zafi rau, tafin hannunsa fari fat saboda ƙarancin jini. Ta san sunan ciwon, ta san maganin, ta san adadin da za a ba shi gwargwadon nauyinsa. Abin da ya gagare ta shi ne jijiya. Ta gwada bayan hannu, ta gwada ƙafa, uwar yaron na tsaye tana salati. Wata dattijuwar nas ta zo, ta ce a riƙe mata fitilar waya, ta aske gefen kan yaron kaɗan, ta shafa da yatsa, ta soka allurar a wata siririyar jijiya da ido bai cika gani ba, ruwa ya fara ɗiga. Sannan ta juyo ta ce mata, "'Yata, gobe ki zo da wuri, zan nuna miki." Yarinyar nan ta ce mini a watannin da ta yi tana bin wannan baiwar Allah ta koyi abin da shekarun imtiyaz ba su ba ta ba.

Ko da an ba ɗalibi damar taɓa majinyaci a waje, akwai sauran magana, domin cutar can daban, ta nan daban. A watan Oktoban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Masar shaidar kawar da zazzaɓin cizon sauro. Ƙasar Sin ta sami tata a 2021. Najeriya kuwa ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya. Ɗalibi zai iya gama karatu a Alƙahira ya ƙware a kan ciwon hanta, wanda Masar ta yi fama da shi ta kuma yi masa gagarumin yaƙi, amma bai taɓa ganin yaron da zazzaɓi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ba. Babu ƙasar da ta kai mu yawan jariran da ake haifa da sikila. Mashaƙo, wanda a littattafan ƙasashe da dama ya zama tarihi, ya dawo Kano daga ƙarshen 2022, a 2023 jihar ta zama cibiyar annobar a ƙasar nan, aka cika gadaje a Asibitin Murtala da Asibitin Zana da yara masu kumburarren wuya. Ga tamowa, ga ƙyanda, ga sanƙarau lokacin zafi, ga amai da gudawa da damina, ga jijjigar masu ciki da ake kawowa daga ƙauye bayan an kwana biyu ana tofi.

Wani rashin sanin ma kan likitan yake komawa. A watan Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bayan an yi wa wata mai ciki tiyata, kuma ɗaya daga cikinsu tana cikin shekararta ta sanin makamar aiki ne. Allah ya jiƙan su. Idan wannan ya faru a babban asibitinmu, a tsakanin waɗanda suka san cutar, sai mu yi tunanin yaron da ya dawo daga inda ba a ko ambatonta, aka ajiye shi shi kaɗai a ɗakin gaggawa da daddare.

Akwai kuma abin da babu littafin waje da zai koya maka, wato majinyacin Kano kansa. Kafin ya iso gabanka ya riga ya bi ta kemis, kuma a da kemis ɗin daga kasuwar magani ta Sabon Gari yake sari, kasuwar da ta shekara da shekaru tana ciyar da Arewa har da Nijar, har hukumar NAFDAC da majalisar masu haɗa magunguna suka rufe shaguna fiye da 1,000 a watan Fabrairun 2024 don a koma sabuwar cibiyar Dangwauro. Ya sha maganin zazzaɓi rabi ya bari, an yi masa allura uku bai san sunanta ba, ya haɗa da jiƙo. Idan ba ka ce "Baba, me da me ka sha kafin ka zo?" ba, kuma ka faɗe ta da fuskar da ba zai ji tsoron faɗa ba, ba zai gaya maka ba. Idan mace ta ce sanyi ke damunta, ko dattijo ya ce basir ne, ko a ce yaro shawara ce, kowanne ƙofa ce ta cututtuka biyar ko goma, sai ka san yadda za ka bi da tambaya. A Sabon Gari kuma layin majinyata ɗaya zai haɗa maka Bahaushe da Ibo da Bayarabe da mutumin Binuwai, kowa da yadda yake kwatanta ciwonsa.

Waɗanda suka yi Sudan sun fi kusa da mu a wannan fanni, gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Zazzaɓin cizon sauro na can, talaucin asibiti na can, karatun likita kuma ya kafu a Khartum tun 1924. Ga Hausawa birjik, zuriyar mahajjata da ta waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Ɗalibi kan ci karo da majinyacin da za su gaisa da Hausa. Amma ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke, 'ya'yanmu suka fito a motocin safa, suka yi kwanaki a iyakar Masar cikin rana kafin jirgin farko ya sauke su a Abuja a farkon watan Mayu. Wasu saura musu 'yan watanni su gama horon asibiti, takardunsu na can a ofisoshin da aka watse. Shekara guda kafin nan na Yukren sun ga irin wannan, kuma MDCN ta fito ta ce ba za ta amince da karatun likitan da aka ƙarasa ta intanet ba. Mutane da yawa sun ji haushin wannan hukunci. Ni ina ganin daidai ne, ko da yake ya yi ciwo, domin ba a jin bugun zuciya ta allon kwamfuta.

Haka nake goyon bayan jarrabawar da MDCN ke yi wa duk wanda ya karanto a waje kafin ta ba shi lasisin wucin gadi, wadda wani lokaci a nan Asibitin Malam Aminu Kano ake zaunawa. Akwai zaman da fiye da rabin waɗanda suka rubuta suka faɗi. Duk lokacin da sakamako irin wannan ya fito sai ka ji baki biyu. Iyaye su ce hassada ce, ana ƙin 'ya'yansu don sun fita waje. Wasu likitocin gida kuma su ce ai dama digirin saye ne. Duka biyun sun kauce. Yawancin yaran nan masu ƙoƙari ne, jarrabawar kuma tana tambayarsu abin da ba a ba su damar yi ba. Ran talaka da za a damƙa musu ya fi ƙarfin a sassauta jarrabawa, amma barin su su yi ta faɗuwa suna zaman gida shekara biyu, uku, bayan an kashe miliyoyi a kansu, asara ce ga jihar da a ƙauyukanta mace ke naƙuda babu likita ko ɗaya a kusa.

Kada kuma a ɗauka hannu wofi suke dawowa. Abin da ya fi burge ni a wajen 'yar ƙanwata shi ne ba ta taɓa majinyaci sai ta gaya masa sunanta, ta faɗa masa abin da za ta yi, ta nemi izininsa. Tana rubuta komai a fayil da lokacinsa. Tana wanke hannu tsakanin gado da gado. Ta ce wasu na yi mata dariya, suna cewa layi ya yi tsawo, nan ba Masar ba ce. To ni a ganina wannan ɗabi'a ita ce mafi tsadar abin da ta shigo da shi, kuma mutanen Fagge sun fi kowa sanin dalili. A Asibitin Zana da ke titin Faransa ne, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon wannan lamari na cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Garin da ya ga haka bai kamata ya raina likitan da ke tsayawa ya yi wa majinyaci bayani ba. Talakan da ake koyon aiki a jikinsa a asibitin gwamnati yana da haƙƙin ya san ɗalibi ne ke duba shi, kuma akwai babba a kusa.

Abin da muke mantawa shi ne mu ma "waje" ne ga wasu. Tun farkon shekarun 1980 Dokta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya zauna a Babbar Ruga ta Katsina yana ɗinkin yoyon fitsari, yana zuwa cibiyar Laure a Asibitin Murtala, kuma likitoci daga ƙasashe daban-daban sun zo Katsina da Kano sun koyi wannan aiki a hannunsa, saboda a nan majinyatan suke. Asibitin ido na ECWA da ke gefen Sabon Gari yana aiki tun 1943, mutane na zuwa masa daga nesa. Abin da ɗalibin likita ya fi buƙata, wato majinyata masu yawa da cututtuka iri-iri da tsofaffin hannu, muna da shi har ya yi yawa. Tsari ne babu, da kulawa.

Shi ya sa nake ganin aikin gwamnatin jiha ba ya ƙarewa a filin jirgin Malam Aminu Kano ranar da aka tarbi ɗalibai da kyamara. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Asibitoci su buɗe tsayayyen shiri na wata shida zuwa shekara ga duk ɗan jihar da ya karanto a waje, ko gwamnati ce ta tura shi ko mahaifinsa, a rarraba su Murtala da Nasarawa da Hasiya Bayero da Zana, kowane rukuni da babban likitan da aka ɗora wa alhakinsa aka kuma biya shi ladan koyarwa, da littafin da za a sa hannu a kan kowace haihuwa da ɗalibi ya karɓa da kowace jijiya da ya samu. A sa manyan nas-nas da ungozomomi a cikin masu koyarwar a hukumance, tunda dama su ke yin rabin aikin ba tare da an ambace su ba. A yanzu wanda ya san wani shi ke samun inda zai raɓa, wanda bai san kowa ba yana gida yana haddar tsofaffin tambayoyi. 

Sannan a gyara shekarar sanin makamar aikin kanta. Sabon likita na kwana biyu a jere ba barci, albashinsa na makara, safar hannu wani lokaci sai ya saya, babban da ya kamata ya tsaya a kansa yana can yana fama da nasa layin. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan a cikin 'yan shekaru. Yaron da ya riga ya san hanyar filin jirgi, yana da fasfo, yana jin Larabci, idan shekararsa ta farko a gida ta zama ta wulaƙanci, Saudiyya ba ta yi masa nisa ba.

Kai kuma Alhaji, da ke shirin tura ɗiyarka bana, kada hoton gini da ejan ya nuna maka a waya ya ishe ka. Nemi wanda ya gama a makarantar ya dawo, ka zaunar da shi. Tambaye shi ko jami'ar na da asibitin koyarwa nata, na gwamnati ne mai jama'a ko na kuɗi ne da majinyaci ba ya yarda ɗalibi ya matso. Tambaye shi da wane harshe majinyata ke magana, kuma ko ana koya wa baƙi harshen kafin su shiga asibiti. Tambaye shi haihuwa nawa ya karɓa da hannunsa, kuma cikin abokan karatunsa nawa suka ci jarrabawar MDCN a zama na farko. Idan ta tafi, duk hutun da ta zo gida ka nema mata izinin bin likitoci a asibitin gwamnati mafi kusa da ku, ko da na mako huɗu ne. In amsoshin da ka samu ba su gamsar da kai ba, ka riƙe kuɗinka ka nemi wata makarantar.